Kyautar Sallah a Manyan Kantunan Abuja: Me Za Ka Saya a Can, Me Za Ka Bar wa Kasuwa?

Tambaya ce daga wani matashin ma'aikaci da ke zaune a Kubwa. Ya ce wata bakwai ke nan da aurensa, kuma wannan ce ƙaramar sallarsa ta farko da iyali. Ya ware naira dubu 400 don kyaututtuka: na amarya, na mahaifiyarsa da ke Zariya, na surukai, na ƙannensa uku, da na ogansa a ofis. So yake ya shiga ɗaya daga cikin manyan kantunan Abuja ya haɗa komai a wuri guda don ya fita kunya, amma abokai na ce masa kuɗin sanyi da hasken fitila kawai zai biya. Ya shiga kantin ne, ko ya nufi kasuwar Wuse?

Ƙanena, Allah Ya sanya albarka a auren, Ya kai mu sallar lafiya. Shekara 11 na yi ina aiki a wani babban kanti a garin nan, na fara daga kantar turare har na zama mai kula da sashe guda, yanzu kuma haɗa wa mutane lefe da kayan sallah ce sana'ata. Abokan nan naka gaskiya suka faɗa, amma rabinta. Duk abin da ka ɗauka a babban kanti, cikin kuɗinsa akwai hayar gini, akwai dizal ɗin janareta, akwai albashin masu gadi da na 'yan matan da ke yi maka sannu da zuwa. Sai dai akwai abu biyu da kake biya a can waɗanda da wuya ka same su a rumfar kasuwa: kwanciyar hankali cewa kayan na asali ne, da rasit ɗin da za ka dawo da shi ka tsaya a kan haƙƙinka idan kayan suka ba da matsala. To ma'aunina ke nan. Duk abin da jabunsa ya yi yawa a gari, ko wanda zai iya lalacewa ya buƙaci a mayar, ka saye shi a kanti. Duk abin da ido da hannu za su iya tantancewa, ka je kasuwa da wadda ta san shi. Idan ka bi haka, kuɗin nan naka za su yi auki.

Kafin maganar kanti ma, akwai maganar lokaci, kuma nan ne sababbin magidanta suka fi faɗawa. Kyautar da ta ƙunshi yadi ba ranar sallah ake lissafa mata ba, ranar da tela zai karɓa ake lissafa mata. Telolin kirki a Abuja da Zariya kan rufe karɓar ɗinki tun kafin azumi ya raba tsakiya, wasu ma tun cikin Sha'aban. Idan ka miƙa wa amarya leshi a daren 27, ba kayan sallah ka ba ta ba, ajiya ka ba ta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk abin da za a ɗinka ya fita daga hannunka kafin azumi ya kwana goma. Sauran kayan kuma, ka zaɓi ranar aiki da hantsi, tsakanin ƙarfe 10 da 12. A lokacin kanti ba kowa, masu sayarwa ba su gaji ba, za su tsaya su buɗe maka kwali su amsa tambayarka. Goman ƙarshe bayan isha'i kuwa, wurin ajiye mota kaɗai zai iya cinye maka rabin awa, kuma mai kyau an riga an tsince.

Sannan ka san irin wurin da kake shiga, don ba duka ɗaya ba ne. Wurare irin su Jabi Lake Mall, wanda aka buɗe a 2015, da Ceddi Plaza da Silverbird a tsakiyar birni, rufi ɗaya ne da ya tara shaguna masu zaman kansu. Kowane shago da mai shi, da farashinsa, da ƙa'idarsa ta mayar da kaya. Masu ginin ba su da alhakin abin da ka saya a shagon agogo na hawa na biyu. Wurare irin su Sahad da Grand Square kuwa, mai shi ɗaya ne, ka tura keke ka zagaya ka biya a wajen kashiya, ƙorafinka ma wuri ɗaya za ka kai shi. Sai ƙananan shagunan gayu da ke kan titin Aminu Kano da Adetokunbo Ademola a Wuse 2, da na Maitama, inda kaya ke da kyau amma farashi ba ya sassauci. A irin waɗannan ƙananan, idan mai shagon yana nan, neman ragi ba abin kunya ba ne, ana yi. A babban kanti mai kashiya kuwa babu ciniki, abin da kwamfuta ta nuna shi ne.

Kada farashi ya ba ka mamaki. Yawancin abin da ke kan waɗannan kantoci da dala aka shigo da shi. Kafin watan Yunin 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati kusan naira 460 ce, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Duk wanda ya ba ka labarin abin da ya haɗa da dubu 400 shekaru huɗu baya, labarin wani zamani yake ba ka.

Yanzu ga abin da nake so ka riƙe da kyau: kada ka taka ƙofar kantin sai da takarda a hannu, sunan kowa da abin da za a saya masa da iyakar kuɗinsa. Na faɗi haka ne don na san yadda ake shirya wurin. Ba a banza ake sa turare da kayan kwalliya a bakin ƙofa ba. Ba a banza mai tsada ke daidai idonka, mai sauƙi kuma sai ka sunkuya ba. Alewa da ƙananan tarkace da ke kusa da kashiya an ajiye su ne don wanda ya gaji da tsayuwar layi. A sassa da yawa mai sayarwa na da ɗan kaso a kan abin da ta sayar, wani lokaci kuma manaja ya ce a tura wani kaya da ya daɗe bai fita ba. Wannan ba ha'inci ba ne, kasuwanci ne, amma wanda ya shigo ba tsari shi ke biyan kuɗinsa. Ka gaya wa mai sayarwa iyakarka tun farko, ka ce mata kaza nake da shi, ga wadda zan saya wa. Wallahi mafi yawansu za su taimake ka tsakani da Allah idan suka ga ka san abin da ya kawo ka.

Ina fatan dubu 400 ɗin nan ba su haɗa da zakkar fidda kai, da cefanen sallah, da kuɗin motar Zariya ba. Idan sun haɗa, ka fara cire waɗannan tukuna. In da ni ce, zan raba su kamar haka: dubu 130 ga amarya, 90 ga Hajiya mahaifiyarka, 90 ga surukai su biyu, 45 ga ƙanne, sauran 45 a riƙe don kuɗin ɗinki da maƙwabta da abin da ba a rasa ba. Ka ga ban sa oga ba, zan zo kansa.

Mu fara da amarya, mu kuma fara da turare, don shi ne abin da ya fi cancantar ka shiga babban kanti dominsa. Babu kayan da ake yi wa jabu a garin nan kamar turare. Kwalba iri ɗaya, kwali iri ɗaya, ƙamshin farko ma kusan ɗaya, amma bayan awa guda ka neme shi ka rasa, wani ma ya bar wa mutum ƙaiƙayi a wuya. Idan ka ɗauki kwalin, ka duba ƙasansa, akwai lambar da kamfani ke bugawa. Wannan lambar dole ta zo daidai da wadda ke gindin kwalbar. Ledar da aka naɗe kwalin da ita ta zama a ɗame, haɗinta a miƙe, ba gam da ya tsiyayo. Sannan ka karanta rubutun da ke ƙarƙashin suna. Wanda aka rubuta eau de parfum ya fi yawan man turare, kusan kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, wanda aka rubuta eau de toilette kuma bai kai haka ba, shi ya sa ya fi araha kuma ya fi saurin tashi. A zafin Abuja na farkon ya fi zama a jiki.

Ba na manta wani bawan Allah da ya zo mana daren 28 ga azumi, layin kashiya ya kai har sashen takalma. Ya sa na fesa masa turare tara a hannun rigarsa, ɗaya bayan ɗaya. Tun a na huɗu na ce masa Alhaji hancinka ya cika, ka ɗan zagaya ka dawo. Ya ce sauri yake yi. Ƙarshe kwalbar da ta fi kyan gani ya nuna, mai murfi ruwan gwal. Kwana uku bayan sallah sai ga shi da ita a leda, an yage naɗin, an fesa sau biyu, ya ce uwargida ta ce yana sa mata ciwon kai. Ya tsaya yana juya kwalbar a hannu, ni kuma ba abin da zan iya yi masa, don turaren da aka buɗe ba ya komawa kanta. Har yau idan na tuna fuskarsa ba na jin daɗi, don da niyya mai kyau ya zo.

Saboda haka kada ka gwada fiye da uku. A fesa maka a 'yar takarda tukuna, wanda ya kwanta maka a fesa a bayan hannunka, ka tafi wani sashe ka yi rabin awa. Ƙamshin da ya rage bayan nan shi ne wanda za ku zauna da shi a gida. Amma akwai hanyar da ta fi wannan sauƙi. Ka duba gaban madubinta. Cikin kwalaben da suka zo a lefe, wacce ce ta kusa ƙarewa? Wannan ita take so. Waɗanda ke cike har wuya bayan wata bakwai sun riga sun ba ka amsa. Ka ɗauki hoton kwalbar a waya ka tafi da shi. Idan na Faransa ya fi ƙarfin kason da ka ware, na Larabawa irin su Ajmal da Rasasi da Lattafa suna da kyau suna kuma daɗewa, kuma na asalinsu ya fi jabun mai babban suna nesa ba kusa ba. Humra da turaren wuta kuwa ba kayan kanti ba ne. Waɗannan a hannun matan Barno ake samun na ƙwarai, ita ma amaryar ta fi ka sanin wajen wa za ta karɓa.

Yadi kuma sai an yi hattara, don shi ne ke tsakiya. Atamfa holan ta asali kamfanin Vlisco ke yin ta a garin Helmond na ƙasar Holan, kamfanin da ya samo asali tun 1846. Turmi yadi shida ne. Ka juya bayanta, launin ya zama da ƙarfi ɗaya gaba da baya, kuma lambar zanen da ke jikin takardar da aka manna ta zo daidai da wadda aka buga a gefen atamfar. Gezna, wato shaddar Getzner, daga Ostiriya take zuwa, manyan lesuka kuma daga Siwizalan da Ostiriya. Idan waɗannan kake so da sunansu, to babban shago ko dilan da aka sani, da rasit. Amma bari in gaya maka gaskiya: a kasafin nan naka, gezna ta asali ta babbar riga za ta iya lashe kason mutum biyu ko fiye. Abin da ba na so shi ne ka je a sayar maka da mai kama da ita a rabin kuɗi a ce maka ita ce, wanki biyu ƙyallin ya tafi. Gara shadda matsakaiciya da ta amsa sunanta, ko atamfa mai kyau da ba ta ari sunan kowa ba. Irin waɗannan kasuwar Wuse ta fi kanti sauƙi, Kantin Kwari a Kano kuma ya fi Wuse, in kana da mai zuwa. Sharaɗin kawai ka tafi da yayarka ko gwaggonka da ta san kan zane. Mace mai saye kullum, da ta murza gefen yadi tsakanin yatsu biyu ta gama sanin abin da ke hannunta.

Idan zuciyarka ta raya maka gwal, ko da ɗan kunne ne ƙarami, ka san yadda ake lissafinsa. Nauyi ne a giram, a farashin ranar, sai a ɗora kuɗin aiki. A jikinsa akwai hatimi: 750 na nufin karat 18, 875 karat 21, 916 karat 22. A auna a gabanka, a rubuta nauyi da karat a rasit. Shagunan gayu kan ɗora kuɗin aiki mai yawa, kuma ranar da aka tashi sayarwa kuɗin aikin nan ba ya dawowa, nauyin kaɗai za a biya. Shi ya sa matan da ke sayen gwal don ajiya suka fi zuwa layin masu gwal na kasuwa, wajen wanda gidansu suka daɗe da shi.

Hajiya kuwa, nan nake so ka dakata ka yi tunani sosai. Akwai wani kwastoma da na taɓa taya zaɓar wa mahaifiyarsa leshi mai tsadar gaske, muka naɗe shi a kwali da zare mai sheƙi. Da shekara ta zagayo ya dawo, na tambaye shi ya Hajiya ta ji da leshinta. Ya yi shiru, ya ce yana ƙasan akwati, ta sa masa kanumfari don kada asu ya taɓa, ta ce sai bikin jikarta. Jikar tana aji uku na firamare. A wannan shekarar sai ya kira ƙanwarsa da ke zaune da ita ya tambaya me Hajiya ke ƙorafi a kai. Ashe zafi ne ke hana ta barci idan an ɗauke wuta, sannan tana tashi tun kafin asuba ta hura gawayi don ruwan alwala. Fanka mai caji muka ɗaukar mata da babban filas mai riƙe zafi har safe. Ya ce mini duk wanda ya shigo gaisuwa sai ta nuna masa.

Iyayenmu ba sa faɗar abin da suke buƙata, kunya da tausayin ɗa ba sa barin su. Sai ka bi ta hannun wanda ke kwana gida ɗaya da ita. Sallar 'yan shekarun nan kuma a tsakiyar bazara take faɗowa, Zariya a watan Maris ba sauƙi. Irin waɗannan kaya, fanka, fitila mai caji, na'urar auna hawan jini, su ne ainihin kayan babban kanti, saboda garanti. A jona a gwada a gabanka kafin ka biya. A cike katin garanti a buga masa hatimin shagon da kwanan wata, don katin da ba hatimi takarda ce kawai. Ka duba jikin na'urar ka ga an rubuta 220 zuwa 240, don wutarmu ke nan. Wanda aka yi don Amurka 110 zuwa 120 yake ɗauka, da an jona shi a nan ya ƙone. Ka haɗa mata da atamfa turmi ɗaya don ta ga ta fita sallah da sabo, an gama.

Surukai kuma shawarar matarka ce gaba da tawa, ita ta san gidansu. Abin da aka saba dai shi ne shadda ga Baba, atamfa ko leshi ga Mama, da ɗan turare. Idan Baba dattijo ne mai kaffa-kaffa, ka ba shi na mai, miski ko oud, don wasu ba sa son na fesawa a kayan salla. Turare kyauta ce da ba ta faɗuwa, ya tabbata a Bukhari daga Anas cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ya mayar da turare. Kada ka sayi hula ko takalmi sai ka san lambarsa tabbas. Abu ɗaya da zan ja kunnenka a kai: atamfar Mama da ta Hajiyarka su zama daraja ɗaya, launi ne kawai zai bambanta. Gidajen nan biyu za su haɗu a suna ko biki, kuma mata na gane kuɗin zane daga nesa. Kada garin neman fita kunyar surukai ka bar wa mahaifiyarka abin da za ta riƙe a zuci ba ta faɗa ba. Kuma abin da ka fara da shi bana shi za a sa ran gani baɗi, don haka ka fara da abin da za ka iya ɗorewa a kai.

Ƙanne, in dai sun wuce shekara 15, ka ba su kuɗinsu a hannu, daidai wa daida. Sun fi ka sanin takalmin da ake yayi.

To, oga. Idan aikin gwamnati kake yi, ka yi taka-tsantsan. Kundin tsarin mulkin 1999, a jadawali na biyar inda ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata suke, ya hana jami'in gwamnati karɓar kyauta saboda wani abu da ya yi ko ya ƙi yi a bakin aikinsa. Abin da ya bari shi ne kyautar 'yan uwa da abokai gwargwadon al'ada. A addini ma ka san labarin ma'aikacin zakkar da ya dawo ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni, Annabi ya ce me ya hana shi zama a gidan uwarsa da ubansa ya ga ko za a kawo masa. Na ga yadda motoci ke ɗibar kwandunan kyauta daga kanti zuwa Maitama da Asokoro a ƙarshen azumi da lokacin Kirsimeti, gidajen da ba su rasa komai ba, wasu kwandunan ko buɗe su ba a yi. Kai ƙaramin ma'aikaci ne mai sabon aure. Ka je ka gaishe shi barka da sallah, in ka ga dama ka riƙe kwalin dabino mai kyau. Ogan kirki ba zai nemi fiye da haka a wajenka ba. Kuɗin da za ka kashe a can, maigadin layinku da maƙwabcin da ƙofarsa ke kallon taka sun fi buƙata. Da Nana A'isha ta tambayi wanne za ta ba kyauta cikin maƙwabta biyu, amsar da ta samu ita ce wanda ƙofarsa ta fi kusa. Ko da maƙwabcin nan ba musulmi ba ne, kwanon abincin sallah da 'yar alewar yara na ƙulla zumuncin da zai yi muku rana.

Tunda na ambaci kwando, wanda ake kira hamfa, kada ka sayi wanda aka riga aka naɗe. Na sha tsayawa a ɗakin baya ana haɗa su. Ana cika gindin kwandon da yagaggun takardu da kwali don kaya su taso sama, a sa abu biyu masu suna a gaba inda ido zai faɗa, a cusa biskit da lemon kwalin da ya rage musu 'yan makonni a baya, a ja leda mai ƙyalli a ɗaure da kintinkiri. Ba kowane kanti ke haka ba, amma daga waje ba ka da hanyar ganewa. Idan kwando kake so, ka zaɓi kayanka ɗaya bayan ɗaya, ka duba ranar ƙarewar wa'adi da lambar NAFDAC a jikin kowanne, sannan ka kai a naɗe maka. Kuɗin naɗin kaɗai za ka ƙara.

Idan ka iso wajen kashiya kada ka shagala da waya. Ka sa ido a allon kwamfuta, kowane kaya aka wuce da shi ka ga kuɗin ya yi daidai da wanda ka gani a kanta. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiki da ita, ta hana a karɓi fiye da farashin da aka manna. A Fabrairun 2024 hukumar ta taɓa rufe wani babban kanti a Abuja na ɗan lokaci a kan wannan batu na bambancin farashin kanta da na kashiya. In ka ga bambanci ka yi magana a nan take cikin ladabi, a kira mai kula da sashe. Ka kuma tambaya ko harajin VAT na kashi 7.5 yana cikin farashin ko sai an ɗora.

Maganar mayar da kaya, a fahimce ta da kyau. Idan kaya sun zo da aibi, ko ba su yi aikin da aka sayar da su dominsa ba, kana da haƙƙin a gyara, a canza, ko a mayar maka da kuɗi, kuma allon da aka rubuta ba a mayar da kaya ba ya soke wannan haƙƙi. Amma idan launi ne bai yi wa amarya ba, wannan alfarma ce ta kanti, kowa da ƙa'idarsa. Don haka ka tambaya kafin ka biya: kwana nawa ake bayarwa, canji ake yi ko kuɗi ake mayarwa? Ka ce musu kyauta ce, sai ranar sallah za a buɗe, a rubuta maka a bayan rasit in sun yarda a ƙara kwanaki. Yadin da aka yanka, turaren da aka buɗe, da tufafin ciki irin su kamfai ba sa komawa ko'ina. Idan ka biya da kati aka cire kuɗi na'urar ta ce bai shiga ba, kada ka sake sakawa sai ka karɓi 'yar takardar da ta nuna an ƙi, ita za ka kai banki.

Da ka fito ka ɗauki hoton rasit ɗin. Takardar nan zafi ke goge rubutunta, wata biyu a aljihun mota sai ka tarar da ita fara fat, ga garantin fanka na shekara guda. Ka ɓare takardar farashi daga jikin kowace kyauta, amma kada ka taɓa lambar da ke jikin kwalin na'ura, da ita za a gane kayan in an mayar.

Sai tafiyar Zariya. Ko jirgin ƙasa za ku hau daga tashar Kubwa zuwa Rigasa da ke Kaduna, ko mota za ku bi, turare ya shiga tsakiyar kayan sawa a akwati, kada ya daɗe a but ɗin mota cikin rana, zafi na canza masa ƙamshi. Cakulan kada ma ka fara, kafin ku wuce Kaduna ya zama kunu. Dabino da cincin ɗin amarya sun fi shi jure hanya. Fankar Hajiya kuma ka yi mata caji ta cika tun daga Kubwa. Idan kun isa an gaisa an ci abinci, kai da kanka za ka buɗe kwalin a ɗakinta, ka kafa ta kusa da gado, ka nuna wa ƙanwarka inda ake jonawa da fitilar da ke nuna caji ya cika, ka bar katin garantin da hoton rasit a hannunta.